Sunan da Magajiya Ta Ƙi Kira

A zamanin Sarki Nomau na Marke, babu kalmar da ta fi wuyar faɗa a cikin birni irin takalmi. Ba doka aka kafa ba, ba shela aka yi ba. Kowa dai ya san inda maganar take ciwo, har dukawa suka koma cewa "na ƙafa" in suna tallar hajarsu kusa da ƙofar fada.

Asalin abin kuwa yaƙin Mashigin Kalgo ne. Tun kakanni Marke da Dargaza suke jayayya a kan fadamar da ke bakin gulbin da ya raba su, kowa na cewa shinkafar wurin tasa ce. A shekarar farko ta sarautarsa Nomau ya fita da kansa, jini na tafasa, ya ce sai ya shayar da dokinsa a rijiyar fadar Dargaza. Dargazawa suka ƙyale shi har ya kai tsakiyar mashigi, sannan 'yan baka suka taso daga cikin kalgo hagu da dama. Dawaki suka kafe a laka, masu lifidi nauyi ya ja su, aka yi ta zubewa a ruwa. Da ƙyar Sarki ya tsira a bayan dokin wani bafade, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ba rago ba ne, an shaida haka a wasu fagagen daga baya. Amma takalmin nan ya tsaya masa a rai fiye da mazajen da ya rasa, Allah ya yafe masa.

Cikin waɗanda ba su dawo ba har da mijin Daso, ƙanwar Sarki. Da ta gama takaba sai ta koma gidan gwaggonsu Magajiya, inda ta tashi tun tana jaririya, don mahaifiyarta wajen haihuwarta ta rasu. A gari ana cewa da nonon akuya aka raine ta, shi ya sa har ya hau gadon sarauta Nomau bai daina tsokanarta da 'Yar Akuya ba. Ita Magajiya ba ta da ɗa, ba ta da jika. An taɓa kama ta a yaƙi tana budurwa, ta yi 'yan shekaru a Dargaza kafin a fanso ta, tun daga nan ba ta yi aure ba, ba ta kuma yarda a yi mata zancen garin. A al'adar Marke ba a kashe mutum da hukunci sai Magajiya ta miƙe a gaban majalisa ta kira sunansa da ƙarfi. In ta kira, hauni ya zare takobi. Ta kira sunaye da dama a rayuwarta, muryarta ba ta taɓa rawa ba.

Da wata damina Sarkin Dargaza ya aiko Bardensa, mai suna Tunau, ya taɓa maganar sulhu. Baƙin sarauta a hannun Magajiya suke, daga gidanta ake kai musu abinci. Gulbi ya cika ya tare wa Barde hanyar komawa, ya zauna har kaka. Daso ce ke raka akushi zuwa masauki don ta ga an ba baƙo haƙƙinsa, kuma ita ce ta fara lura tana daɗewa a bakin zauren fiye da yadda aikin yake bukata. Dogon mutum ne mai yawan dariya, in magana ta zo masa baki ba ya iya riƙe ta. Ta yi iyakar ƙoƙarinta kada ta so shi, tunda mutanensa ne suka sa ta takaba, amma zuciyar ta yi kunnen ƙashi. Ranar da zai tafi ya ce mata, "'Yar sarki, ranar da aka raba fadamar nan, manyana na ƙofar yayanki." Ta ce, "Ku raba tukuna." Ta shige gida tana murmushi ita kaɗai.

Ya dawo da bazara, lokacin da ruwan mashigi bai kai gwiwa ba. Wannan karon rundunar Dargaza ta biyo shi, ta sauka a ƙetare tana jiran amsa. Da safen da zai shiga fada, ƙudan zuma suka yi gungu a reshen durumin ƙofar fada. Madawaki Barmo, shugaban mayaƙan Marke, ya ce alamar runduna ce za ta taru a bayan Sarki. Liman ya ce alamar baƙo ne mai alheri. Kowa ya karanta abin da ransa ke so, zuman kuwa suna ta harkar gabansu.

Majalisa ta cika maƙil. Daso na zaune bayan Magajiya da mafici, kamar yadda ta saba tun da tsufa ya fara taɓa gwaggon tata. Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan ya ce:

"Allah ya ja zamanin Sarki. Sarkin Dargaza yana gaishe ka gaisuwar maƙwabci. Ya ce fadamar Kalgo ta ci mazajen da suka fi shinkafarta yawa, naku da namu. Ya ce a kafa dutse a tsakiyarta, gabas taku, yamma tamu, mashigi kuwa na kowa, fatake su wuce lafiya. In ka yarda, rundunarsa ta juya gida. In ka ƙi, ya ce Allah ya shaida shi dai ya nema."

Galadima Cindo, wanda ya fi kowa shekaru a majalisar, ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, na yi zamani da kakanka, na yi da mahaifinka. Kowannensu ya binne mutane saboda fadamar nan, ba kuwa wanda ya ci tuwon shinkafarta hankali kwance. Ni shawarata a karɓa."

Madawaki ya yi tsaki a ciki, ya ce, "Zaki, Galadima ya tsufa, hutu yake nema. Yaushe za mu raba gadon kakanninmu da mutanen da ba su san yaƙin fili ba? Dargazawa ɓuya suka iya, su laɓe a kalgo kamar gafiya su harbi mutum ta baya. In maza ne su fito sarari mu gani."

Daso ta ga gefen bakin Tunau ya motsa. Ta san wannan motsin.

"Ai mun fito sarari ranar, Madawaki," in ji shi, "bayan kun tafi. Har tsintuwa muka yi a laka. Akwai wani takalmi ƙafa ɗaya, jar fata da aikin zare, yana nan rataye a zaurenmu. Har yau muna cigiyar mai shi."

Wani bafade da dariya ta kusa ƙwace masa ya yi maza ya mai da ita tari. Sarki ya ja amawali ya rufe baki, idanunsa kawai ake gani, sun kaɗa sun yi ja. Kafin a ce wani abu dogarai sun riƙe Barde ta kowace kafaɗa.

Galadima ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, jakada ne. Bakin ubangidansa ya ɗauko, ba a hukunta shi a kan saƙo."

"To, mu ji," in ji Sarki, muryarsa a ƙasa. "Barde, wannan maganar saƙon ubangidanka ce, ko taka ce?"

Daso ta matse mafici har ya lanƙwashe. Ƙarya guda ɗaya za ta fid da shi, kowa a wurin ya san haka, har Sarkin ma kamar hanya yake ba shi. Amma mutumin nan, da bakinsa ba ya riƙe wasa, ashe ba ya riƙe gaskiya ma.

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Sarkina bai aiko ni da ita ba."

Liman ya yi ta ba da haƙuri, ya ce in aka zubar da jinin nan, kafin a wanke takobi rundunar can ta ƙetaro. Madawaki ya ce su ƙetaro, abin da ake jira ke nan. Aka yi ta kai da kawowa har rana ta take tsaka. Daga ƙarshe Sarki ya ce, "An ci mini fuska a gaban majalisata, a kan gadon ubana. In na haɗiye wannan, gobe mai tallar goro ma zai gwada. Magajiya, tashi ki kira."

Magajiya ta miƙe a hankali, ba ta ko dubi inda Barde yake ba. "Allah ya taimaki Sarki. Ban taɓa kiran suna da rana tsaka ba, ba kuma zan fara yau ba. Wannan baƙon ba inda za shi. A bar ni sai gobe da hantsi."

"An bar ki," in ji Sarki, da saurin da bai dace da mai fushi ba. Daso ta san yayanta. Ba yaƙi yake so ba, ƙofar fita ce bai gani ba.

Da la'asar ta sami gwaggonta a gindin tsamiyar tsakar gida tana kaɗi, mazari na juyawa kamar ba abin da ya faru. Ta durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, don Allah kada ki kira."

"In na ƙi, a tuɓe ni a naɗa wata, ta kira kafin azahar. Madawaki yana da 'yan'uwa mata a gidan sarautar nan, bakinsu ƙaiƙayi yake yi."

"To haka za ki bari a kashe Tunau?"

Zaren ya tsinke. Magajiya ta kau da kai gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar an ambaci abin da bai kamata a ambata a gabanta ba. Daso ta tsaya tana kallonta. Damina guda mutumin nan ya yi yana cin abincin gidan, ba ta taɓa jin Magajiya ta faɗi sunansa ba. Kullum "baƙon nan" ne, ko "mutumin can". In ya zo gaisuwa sai ta tashi ta shige ɗaki, ta amsa ta bayan asabari. Amma in za a zuba masa miya da kanta take tsamo masa tsoka, ta ce kada a kai masa da sanyi. Daso ta ɗauka ƙiyayyar Dargazawa ce take faɗa da mutuncin masauki. Sai yanzu ta tuna wata hira da ya taɓa yi mata a bakin zaure, ya ce shi bai san uwarsa ba, an ce masa kamun yaƙi ce, ta mutu yana goye.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "wa aka ce ki kira gobe?"

"Kin san shi."

"Faɗa mini sunansa."

"Ke, 'yar nan, ba ki da kunya ne?"

Shi ke nan. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san mutum ɗaya ne mace take yi wa wannan kawaicin, ta ƙi sunansa, ta ƙi haɗa ido da shi, alhali ranta yana wurinsa. Ɗan fari ne. Daso ta zauna daɓas a ƙasa.

Magajiya ta ɗaura zaren, ta yi magana ba ta ɗago ba. Ubandawakin Dargaza na wancan zamani ne ya sa ta a ɗaka, ta haifa masa namiji. Da fansa ta zo, a ƙofar gari ya kwance yaron daga bayanta, ya ce ita aka fansa, ɗa nasa ne. Galadima Cindo ne ya je ɗauko ta, ya ga komai. Da suka iso, wanta, mahaifin su Daso, ya ce abin kunya ne a ji 'yar sarkin Marke ta haihu da abokin gaba. Ya sa Galadima ya dafa Alƙur'ani ba zai taɓa faɗin haihuwar ba, ita kuma ya ce ta manta. "Ban manta ba," in ji ta. "Ranar da ya shigo zauren nan bara ya faɗi sunan ubansa, sai da na dafa bango."

Daso ta share hawaye, sai wani tunani ya faɗo mata, ta miƙe tsaye.

"Gwaggo, in ɗanki ne, ai ɗan mace ne, Yaya kuwa ɗan namiji. Taubasai ne! Wa ya taɓa kashe taubashinsa don ya tsokane shi? Ko a gaban duniya ya ce masa matsoraci, wasa ne, ba mai hukunta shi. Ƙofar da Yaya yake nema ke nan."

"Na yi wannan tunanin tun muna fada. Zan tashi gobe in faɗa, in rantse. Amma Madawaki zai nemi shaida, Galadima kuwa bakinsa a ɗaure yake."

"Ba wata shaida ko ɗaya?"

Magajiya ta ajiye mazari. Sai yanzu ta dube ta ido cikin ido, kuma Daso ba ta taɓa ganin tausayi irin wannan a fuskar tsohuwar ba.

"Akwai. Ke ce. Na iso garin nan ƙirjina na zuba, na tarar an binne uwarki, kina ta tsala kuka ba mai ba ki. Ba wata akuya, Daso. Ni na shayar da ke."

Ba sai an kira wa Daso Liman ba, ta san hukuncin waɗanda suka sha nono ɗaya. Wa da ƙanwa ne, aure ya haramta a tsakaninsu har abada.

"Na ga abin da ke tsakaninku tun bara," in ji Magajiya. "Na rasa bakin da zan gaya miki. Wannan ba zan faɗe shi a fada ba, naki ne yanzu."

Kafin magariba Daso ta kai abinci gidan Sarkin Dogarai inda aka tsare Barde, tunda har yanzu baƙon Magajiya ne ko da mari a ƙafa. Ta same shi zaune a inuwar bango yana korar ƙuda. Da ya gan ta ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

"'Yar sarki, kin ga aikin bakina."

"Na gani. Da ka ce saƙo ne."

"Da na ɗora wa sarkina abin da bai faɗa ba. Ba mutuwar ce ta dame ni ba, wallahi. Na so in ga manyana zaune a ƙofar yayanki, ana ta ja musu rai."

Ta tura masa akushin, ta ce ya ci tun da zafi. Ta zauna tana kallon hannunsa, da yadda yake karkatar da kai in yana tauna, ta ƙi ce masa komai. A hanyar komawa wani tunani ya zo mata. In rantsuwar Gwaggo ta isa, ba wanda zai taɓa jin zancen nono. Mutum biyu ne suka sani ban da ita, dukansu kuma tsofaffi ne. Ta ji kunyar tunanin, ta nemi gafarar Allah, amma gaskiya ba ta kore shi ba, da shi ta kwana.

Da hantsi majalisa ta sake cika, har a kan katanga mutane suke. Madawaki ya riga ya sa an ɗaura wa dawaki sirdi, hauni na tsaye a gindin durumi. Aka shigo da Tunau, Sarki ya ce, "Magajiya, hantsi ya yi."

Ta miƙe, ta dogara sandarta. "Allah ya ja zamanin Sarki. Na kira sunaye a gaban mahaifinka, na kira a gabanka, ban taɓa ja da baya ba. Wannan ba zan iya kira ba, ko za a tuɓe ni yau. Ni na haife shi a Dargaza, a gidan Ubandawaki. Ɗana ne na fari, jikan kakanka ne, taubashinka ne. Abin da ya faɗa jiya wasan ɗan mace ne da ɗan namiji. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Tunau ya ɗago kai ya zuba wa tsohuwar ido. Madawaki ya taso.

"Zaki, ina girmama furfurar Magajiya. Amma shekara da shekaru tana ce mana ba ta taɓa haihuwa ba. Yau da takobi ya zo wuyan baƙonta sai ɗa ya faɗo daga sama? Tausayin tsofaffi ne. In jiya ta ɓoye, yau ta rantse, wanne za mu ɗauka? Ba a kwance hukuncin Sarki da magana. A kawo shaida."

Hakimai da dama suka gyaɗa kai. Sarki ya dubi Galadima, Galadima ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya dubi Magajiya, ta ce ba ta da abin da za ta ƙara. Daso ta ga kafaɗun yayanta sun sauka, ta ga ya juya zai yi wa Sarkin Dogarai magana. Tunanin da ta kwana da shi ya ce mata ta ƙara jira kaɗan. Ta ajiye mafici ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi wa Galadima tambaya."

Ba a saba jin muryarta a majalisa ba, Sarki ya ɗaga mata hannu cikin mamaki, ya ba ta izini.

"Baba Galadima, ba zan tambaye ka abin da ka rantse a kansa ba. Akuya zan tambaye ka. Wadda aka ce ta shayar da ni, fara ce ko ja?"

Tsohon ya ɗago, ya dube ta, ya gane inda ta nufa. Ya ce, "'Yar nan, kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"Shekarar da aka haife ki shekarar fara ce. Fara ta cinye hatsi tun yana tsaye, mu kuma muka cinye dabbobi. Babu akuya ko ɗaya a Marke a shekarar nan, ko a cikin fada. Duk mai furfura a nan ya sani."

Tsofaffin majalisa suka shiga duban juna, suna cewa haka ne, haka aka yi.

"An samo mini mai shayarwa a gari?"

"Ina! Yunwa ta ƙafar da nonon mata, nasu 'ya'yan ma mutuwa suke yi."

"To, wace mace ce ta shigo birni a lokacin daga ƙasar da ba a yunwa?"

Hawaye ya gangaro kan gemun Galadima. "Wadda na rako daga Dargaza."

Daso ta juya ga Sarki. Ta ƙi duban gefen da Tunau yake, don ta san in ta duba ba za ta ƙarasa ba. "Ranka ya daɗe, ni ce shaidar. Nonon da aka cire bakin Barde daga kansa, ni na ƙarasa shi. Macen da ba ta haihu ba ba ta shayarwa."

Liman ya yi gyaran murya, fuskarsa cike da fara'a, don shi a ganinsa bushara yake bayarwa. "Alhamdu lillahi, shaida ta tsaya. Barde ɗan Magajiya ne, taubashin Sarki ne. Ita kuma Daso 'yar'uwarsa ce ta shayarwa, kamar ciki ɗaya suka fito."

Sarki ya sauke amawali. Ya dubi gwaggonsa, ya ce, "To, Gwaggo, tunda ba kisa ba ne, faɗi sunan nasa mu ji."

Magajiya ta ja mayafi har kan hanci. "Kai, Nomau, ka ji tsoron Allah."

Dariyar da aka danne tun jiya ta ɓarke, ta Sarki ta fi ta kowa ƙarfi. "Ashe ɗan mace ne! Ashe bawana ne yake mini rashin kunya a gaban mutane! Ku cire masa marin nan. Wa ya taɓa kai ƙarar taubashi? Barde, ka ci bashi, zan rama a gaban naka sarkin. Tashi ka je ka ce masa a kafa dutsen. Madawaki, a sauke sirdi." Madawaki ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita fuska a murtuke, ba wanda ya kula shi.

Dole Barde ya ƙetare gulbi kafin azahar, kada mutanensa su ga shiru su taso. Amma sai da ya biya gidan Magajiya. Yau ba wanda ya tsayar da shi a zaure, bayin gidan suka yi masa jagora har tsakar gida, inda baƙon namiji bai taɓa takawa ba. Ya durƙusa ya gai da mahaifiyarsa, ta amsa tana fuskantar bango, kafaɗunta na rawa. Ta ce wa Daso ta ba shi ruwa, sannan ta shige ɗaki.

Daso ta miƙa masa ƙwarya. Ya karɓa, bai sha ba.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani tun jiya."

"Jiya da kika kawo mini abinci ma kin sani?"

"Na sani."

"Da kin yi shiru..."

"Da yanzu ana wanke takobi."

Ya daɗe yana kallon ruwan. A waje ana ta buga tambarin sulhu, mata na guɗa. Ya kurɓa, ya mayar mata da ƙwaryar, ya miƙe.

"To, sai na dawo, ƙanwata."

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

Ba ta taɓa faɗin kalma mai ɗaci irin wannan ba. Ya fita da ransa, da ƙafafunsa yake tafiya, abin da ta roƙi Allah ke nan, ya kuwa ba ta. Ta jira har ta daina jin kofaton dokinsa, sannan ta zauna a ƙasa da ƙwaryar a cinya, ta yi kuka.